Tsohon da ya hana ni rage masa ɗaci

Karo na biyu ke nan tsohon Baturen nan yana turo mini kofinsa bai sha ba, ga mudir, wato manajanmu, a tsaye yana hararata.

A wani gidan abinci nake aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ni ke haɗa abin sha. Akwai wani ja mai ɗaci da ake kira Negroni, shi tsohon yake sha. Da abubuwan sha irin su jin da bamut ake haɗa shi. Kafin ku fara mini wa'azi, nan Riyad ce, jin ɗinmu da sauran kayan haɗin duk babu giya ko ɗigo.

Laifina ɗaya ne. Kunya nake ji in miƙa wa dattijo abu mai ɗaci, sai na riƙa ƙara masa ruwan sukari a ɓoye.

Ya ce, "Ɗana, tausayina kake ji? Ajiye jan bamut mai zaƙin nan, zuba fari marar zaƙi. Ƙara jin ɗin, ka murza ɓawon lemon tsami a kai."

Na ce, "Baba, zai yi ɗaci fa."

Ya ce, "A garinku ba ku da abin da kuke ci saboda ɗacinsa?"

Nan take na tuna mahaifina da goronsa. Yakan tauna a hankali, ya kurɓi ruwa, ya ce yanzu zaƙin ya iso. Idan ya gutsura mana, mu yara tofarwa muke yi.

Na haɗa yadda tsohon ya ce, ya shanye tas.

Da na koma Ulaisha, unguwar da nake zaune, na roƙi ɓarin goro wurin wani ɗan garinmu. Shekara uku da rasuwar mahaifina, sai jiya na tauna ban tofar ba.

Ku fa, wane ɗaci ne sai da kuka girma kuka gane daɗinsa?