Hulunan Ɗanliti a Motar Banda

Sunana Na'Allah. Na haura shekara ashirin ina kamasho a tashar Bagudo, kuma cikin duk saƙon da ya bi ta hannuna babu wanda nake tunawa raina ya ɓaci kamar hulunan Ɗanliti.

Ɗanliti ɗan masunta ne, gidansu na bakin kogin Kwara. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana rarrafe, don haka bai taɓa tuƙa kwalekwale ba. 'Yan'uwansa suna ruwa, shi yana tudu yana ɗinke musu taru. Babu abin da ya tsana kamar wannan aiki. A jefo masa yagaggen taru a gabansa ko sallama babu, in an dawo kuma a tsame masa ƙananan kifi a miƙa masa kamar sadaka. Tun muna samari yake cewa burinsa ɗaya ne a duniya: ya ci da allurarsa, ya rabu da taru har abada.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya nemi hula, har waɗanda sai an yi musu kwatancen masallaci. Ɗanliti ya tafi Illo wurin wani tsoho ya koyi ɗinkin ƙube. Ya iya, ba na ce don abokina ne ba. Da allurar ya auri Barira, da ita ya yi ɗaki biyu na kwano. Sai dai manomin ƙauye irin na Bahindi in ya sayi hula ɗaya da Sallah, ba za ka sake ganinsa ba sai ta yi maiƙo ta yage. Haka Ɗanliti ya yi shekaru yana lallaɓawa, har ya sayi babbar waya ya fara sa hoton aikinsa a Fesbuk. Mutanen Kaduna da Abuja suka soma tambaya.

Nan ne wahalar ta fito. Hula ba ta kai nauyin albasa uku ba, amma aika ta ya fi aika buhun gero ciwon kai. Kamfanonin kai saƙo sai ka je Birnin Kebbi, kuma in ka haɗa kuɗin mota da nasu, ka yi wa mai hula ɗinki kyauta. Direbobinmu kuwa, Allah Ya shirye su. Ba sa duban nauyi, fuskarka suke duba. In sun karɓa su cusa ƙarƙashin kujera, wata mata ta ɗora ƙafa a kai tun daga nan har Jega. Babban kaya ba ya ɓata a tasha, ƙarami ne yake ɓata. Sau biyu hular Ɗanliti tana isa Kaduna a taushe kamar waina.

Ana cikin haka wani ma'aikaci a Abuja, Alhaji Muhsin, ya ce yana son farare guda shida iri ɗaya, don ango da abokansa a bikin ɗansa. Ya ce in sun yi kyau, duk mutanen ofishinsu wurin Ɗanliti za su dawo. Ɗanliti ya sa aka sayo masa zare mai sheƙi daga ƙasar Benin ta kan iyakar Tsamiya. Wata huɗu shi da Barira suna kai, har idonsa na dama ya fara ruwa. Suka gama saura kwana biyar biki.

Ya zo tasha yana dogara sandarsa, ya zauna a bencina.

"Na'Allah, ƙaƙa za ni yi da kayan ga? Direbobinku ba su taɓa su, ko da kyauta na."

Ni da bakina na ba shi shawarar, shi ya sa har yau abin ke cina. Na ce, "Kai dai wawa na. Yayanka Attahiru ba kowace Laraba shika loda bandar kifi zuwa Abuja ba? Mota guda, ba sauyi, ba mai zama bisa. Kuma ko kwabo ba ka biya."

Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Bai son neman alfarma wurin Attahiru, na sani. Amma ya je. Attahiru ya yi dariya ya ce, "Ashe dai mai allura na buƙatar masu taru." Ɗanliti ya haɗiye, ya ce, "Na gode, Yaya."

Ya naɗe kowace hula a farar takarda, ya jera su a kwali. Leda kam bai sa ba, don kowane mai hula ya san in ka rufe hula mai sitaci a leda cikin zafi, gumi take yi ta saki. Ya yi abin da sana'arsa ta koya masa. Ni na hau motar da kaina na ɗora kwalin can sama, tsakanin kwandunan busasshen kifi, inda babu abin da zai danne shi. Aka ja tamfol aka ɗaure. Har kirari na yi wa kaina.

Hulunan sun isa ran Juma'a, ko lanƙwasa ba su yi ba. Ɗanliti ya jira waya. Ba ta zo ba. Da Asabar sai ga rubutu a ƙarƙashin hoton aikinsa, inda kowa ke gani. Alhaji Muhsin ya ce tun da aka buɗe kwalin falonsa ke ƙarnin kifi, ango ya sa ɗaya ya cire, sai kasuwa suka ruga suka sayo wasu. Ya ce a yi hattara da mai hular Bagudo. Mutanen da ba su taɓa riƙe allura ba suka yi ta zuba dariya a ƙasa. Wani ya tambaya ko ana haɗawa da yaji. Waɗanda suka yi alkawarin saye duk suka yi tsit, kuma ba su dawo ba.

Bayan mako guda kwalin ya dawo ta tasharmu, ni na karɓa. Na aika masa ya zo. Ya buɗe a kan bencina, ya zaro ɗaya. Fara tas, babu tabo ko ɗaya. Ya kai hanci ya shaƙa. Ya juya cikinta ya sake shaƙa, ya daɗe. Sannan ya miƙo mini.

"Don girman Allah, Na'Allah, hwaɗa min gaskiya. Kai ka ji wani abu?"

Na karɓa na shaƙa iyakar ƙarfina. Uwata mai banda ce, a bakin murhun kifi aka yaye ni, kamar yadda aka yaye shi. Wallahi ban ji komai ba.

"Ni ma haka," in ji shi. Ya mayar da ita cikin kwali a hankali.

Idon nan na dama bai ƙara yarda da ƙaramar allura ba, kuma manoman Bahindi ba su ƙaru ba. In ka bi ta bakin ruwa da hantsi za ka gan shi gindin mangwaro a ƙofar gidan Attahiru, taru shimfiɗe a cinyarsa, da farar hular ango a kansa. Sauran biyar suna ɗaki. Ina gaishe shi, yana amsawa, amma ya daina zuwa bencina.