Mangwaron da Lasina Bai Dasa Ba

Lasina Dirabo ɗan ƙabilar Samo ne, mu kuwa Mosi, saboda haka bai taɓa samun gaisuwar arziki daga bakina ba. Ta kan katanga nake leƙa shi da safe in ce, "Bawana, ka tashi?" Shi kuma ya ce, "Noraogo, wane bawa ke gaida ubangidansa a tsaye? Durƙusa mana!" Wasan tsokana ne tsakanin ƙabilunmu tun kakanni, mun same shi mun ɗora.

Yana saurayi ya zo ƙauyenmu na yankin Yatenga a matsayin ɗan sa kai, wai damina biyu zai yi ya koya mana jera duwatsu a gona don tare ruwa. Abokan zuwansa rani ɗaya ya kore su. Shi ya zauna har furfura ta cika masa gemu. Ba albashi, ba godiyar kirki. In aka kira gayya mutum uku suka fito, da ukun zai yi aiki, ba zai bi gida gida da ƙorafi ba. A bakin rijiya yake renon ƙananan itatuwa yana rabawa kyauta. Akuya ta cinye, ya sake shukawa. Ni da nake da saurin fushi, haƙurinsa har haushi yake ba ni.

Tsoho Kudugu, mai ƙasarmu, ya ara masa wani fako da ko ciyawa ba ta kula shi. Lasina ya haƙa ramuka, ya zuba taki, har wurin ya zama gonar dawa. Daga nan yake ci, ba shi da wani abu bayan ita. Amma itace ko ɗaya bai dasa a ciki ba, don a wurinmu wanda ya dasa itace a gonar aro ya ce ƙasar tasa ce ke nan.

Wata damina ya tafi garinsu Tugan jana'izar yayarsa, ya daɗe. Matan ƙungiyar ƙauyenmu, shugabarsu Pogbi a gaba, suka ga lokacin saka masa ya yi. Suka kwashi mangwaro daga wurin renonsa suka dasa masa a gefen gona. Yawancinsu a kan gonar nan suka tashi suka gan shi. Sun manta baƙo ne.

Rasmane, ɗan Kudugu da ya gaje shi, ya kira Lasina gaban dattawa bayan ya dawo.

"Baba Lasina, kowa ya san ba kai ka dasa ba," in ji Rasmane, kansa a ƙasa. "Amma in na yi shiru, gobe duk mai gonar aro zai dasa. Ka tuge su da hannunka, ka ci gaba da nomanka. In ba haka ba, gona ta dawo gida."

Pogbi ta fashe da kuka, ta dubi Rasmane. "Mu za mu tuge, Yaya, mu muka jawo!"

Lasina ya ce a bar shi ya je ya gani. Na bi shi. Ya tsuguna, ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya shafa sabon ganyen.

"Tuge mana, ɗan Samo mai taurin kai," na ce. "Me za ka ci baɗi?"

"Sun kama, Noraogo," ya ce. "In an taɓa su yanzu, mutuwa za su yi."

Da ya girbe dawarsa ya mayar da gonar. Na yi masa tayin tawa, ya ce bakin da ke gidana ya fi hatsina yawa, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ɗaure kayansa a bayan keke, zai koma Tugan inda ba sauran wanda ya san shi. Raina ya ɓaci, na rasa ko zagi ɗaya da zan raka shi da shi.

Ya tura keken kaɗan, ya tsaya.

"Rani zai yi tsanani bana," ya ce. "Ka gaya wa Rasmane ya kewaye su da ƙaya. Awakinku ba su da kunya."