Kakan Odessa Yana Gwaji

Na zille daga wurin aiki na faɗa jirgin ruwan haya mai zaga gaɓar birnin Baltimore na Amurka, sai ga wani ƙaton dattijo a gefena, gemu fari fat. Kowa yana ɗaukar hoton dogayen gine-gine, shi kuwa takalminsa yake kallo. Shi kaɗai ya ɗaura rigar hana nutsewa, ita ma ta ƙi rufe tumbinsa. Ina jin tsohon direban tirela ne, don ya damƙe benci kamar sitiyari.

Na ce, "Baba, kifin nan ba sa cin tsofaffi, naman ya yi musu tauri."

"Rufe min baki, ja'iri." Bai ko ɗago ba. "Ran Asabar zan kawo jikata Odessa ta hau jirgin nan. Ta gaya wa 'yan ajinsu kakanta ba ya tsoron komai."

Igiyar ruwa tana ɗaga mu, yana yaƙe haƙora, wai murmushi yake koyo.

A matsayar ƙarshe kowa yana sauka, shi yana zaune daram. Ya dubi matuƙiyar jirgin.

"'Yata, mu sake zagayawa. Har yanzu fuskar nan tana tona min asiri."