Ƙarshen da Kaka Ta Sauya

Sana'ata albasa. Ina sayo ta daga gonaki, in kawo Yamai in raba wa masu sari, kuma abokan kasuwa sun san ni da hali ɗaya: ba na sayen albasar da ban taka gonarta ba. Masu tsegumi sukan ce rowa ce, wai Hajiya Habsu ba ta son ɗan kamasho ya ci. Akwai wannan ma, ba zan ɓoye ba. Amma halin ya girmi kasuwancina. Na ɗauko shi ne a bakin murhun kakata, a unguwar Lazare, a shekarun da fari ya dawo karo na biyu, soja na mulki.

Gidanmu na laka ne, da zana a tsakar gida. Babana tela ne. Kaka, mahaifiyarsa, ta bar ƙauyenmu na ƙasar Adar tun farin farko, da ƙafa har bakin kwalta, daga nan kamyo, babbar motar kaya, ya kwaso su. Ni a goye na yi wannan tafiya, don haka ban san komai ba sai abin da aka gaya mini, kuma ba a gaya mini da yawa ba. Abin da kowa ya sani shi ne sun taso da kakanmu namiji, sun iso babu shi. An binne shi a gindin wani gawo a hanya. Kaka ba ta taɓa zancen ba.

Autarta, Goggo Rakiya, ba ta cikin tafiyar. Tana makarantar kwana lokacin, labari kawai ya same ta. Da ta gama karatu aka ba ta aji a wata lakwal, makarantar boko, kusa da mu, ta dawo gidanmu da zama. Yara na ce mata Madam. Kaka ma takan ce mata Madam, amma sai in tana so ta tsokane ta.

Itace da tsada a wancan lokaci, saboda haka Kaka ba ta yarda garwashi ya mutu a banza. In an sauke tuwon jar dawar nan ta taimako, wadda ke tsayawa a maƙogwaro kamar tana jiran izini, sai ta jawo kujerarta ƴar tsugunne kusa da murhu, mu kewaye ta, mu da ƴaƴan maƙwabtanmu Zabarmawa da suka koyi Hausa a bakinta. Tana da nata salon buɗewa. Takan buga ƙasa da tafin hannu ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A ba ta tabarma."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma wadda muka haddace ita ce ta Dela mai neman ruwan sama. Wai a wani gari ruwa ya yi yaji, ya tafi bai ce ga inda za shi ba. Wata yarinya, Dela, ta ce ita za ta bi sawunsa. Uwarta ta hana, ta ƙi ji. Ta shiga daji da sauri, ta iske itacen anza ya tare hanya, ta ce, "Kai itace, kauce." Ta taka gidan tururuwa ba ta ko duba ba. Ta iso gindin gawo, maimakon ta zauna ta huta, sai ta ce inuwarsa ta yi mata kaɗan. Da ta waiga, daji ya rufe bayanta. Ta yi gabas ta yi yamma, har ƙafafunta suka ƙanƙance, hannuwanta suka yi gashi, ta zama tsuntsuwar nan da ke kuka da rani. A nan Kaka kan siranta murya ta rera, "Ina hanya, ina hanya, na baro uwata tana daka." Mu ma mu amsa. Darasin a fili yake: yarinya ta zauna gida.

Ana nan sai wata ƙungiyar anasara, da yardar hukuma, ta kawo wani shiri na malaman lakwal. A hutun sanyi za a ɗauki waɗanda suka yarda, a kai su ƙasar da farin ya fi ci, su yi tafiya a ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye tare da mutanen wurin, jakuna na ɗauke da ruwa. Ƙungiyar ce za ta biya mota da abinci da takalma. Manufar ita ce malamai su ga ƙasar da idonsu, su dawo su riƙa fitar da yara waje su koya musu. Malamai da yawa suka noƙe. Wani mushe, malami namiji, a lakwal ɗinsu Goggo ya ce shi da ƙafa ya baro ƙauye, in zai koma sai a kan babur mobilet. Goggo kuwa ta ɗaga hannu. Aka ma ba ta takalman. Abu ɗaya ya rage, ta gaya wa darekta ba za ta taka ko'ina ba sai da albarkar uwarta. A zamanin soja kuwa ba a wasa da hukuma. In ka ce za ka, ka tafi, in ba za ka ba, ka faɗa da wuri.

Ta kawo maganar a bakin murhu, muna zaune.

"A biya ku ku yi tafiya a ƙasa?" in ji Kaka. "Mu da muka yi tamu, wa ya biya mu?"

"Ba biyanmu za a yi ba, Inna. Abinci ne da takalmi."

"Har da takalmi. To ai kun fi mu."

"Inna, rabin ƴan ajina a goye aka kawo su garin nan, kamar Habsu. Ba su san ƙasar da ta koro su ba. Ni da nake koya musu ban ga yadda ta koma ba. Ina karanta musu fari a littafi da Faransanci, suna hamma."

Kaka ta tura wani guntun itace cikin wuta. "Ko kowa zai tafi, ban da ke, Madam. Kin zaci ban ji ba? Ƴaƴan Zabarmawan can sun dawo daga lakwal suna rera waƙar Dela, rana tsaka. Wa ya ba su? Kowa ya san mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake a daji."

"Na daɗe ina yi musu, Inna, ban ɓace ba."

"Daga nan zuwa lakwal? Ai ko akuya ba ta ɓacewa."

Muka yi dariya, ban da su biyun. Goggo ta dubi babana ko zai sa baki. Ya ce shi tsakanin uwa da auta ba ya sa allura, ya tashi ya shiga ɗaki.

Daga ranar, tatsuniya ɗaya Kaka ke yi. Kullum Dela. Mu roƙe ta ta kura ko ta ɗan sarkin da ya haɗiye kwaɗo, ta ce baƙuwar da ta zo ke nan. Kuma in ta zo kan waƙar sai ta juya fuskarta wajen Goggo.

Goggo ba ta ƙara musu da ita ba. Abin da ta yi shi ne ta fara sa takalman nan masu nauyi kowace safiya. In an tashi daga lakwal, maimakon ta dawo gida, sai ta cika bido, ƴar jarka, da ruwa ta rataya, ta taka har Yantala, bakin kogi, ta juyo. Mata a unguwa suka fara cewa Madam ta shiga soja. Takan iso gab da magariba, ta yi salla, ta zauna a gefen murhu ta cire takalman a hankali, ta saurari yadda Dela ke zama tsuntsuwa. Diddigenta ya kumbura, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Ba ta ɓoye shi ba, ba ta kuma nuna shi ba.

Wata rana ta dawo ta ce darekta na son amsa gobe. A bakin ƙofa ta faɗa, kamar da babana take, amma kowa ya ji.

Bayan an ci tuwo Kaka ta ce da ni, "Habsu, ɗauko mini man kaɗe." Na kawo. Ta ce da Goggo, "Miƙo ƙafar nan." Ta ɗora ƙafar a cinyarta tana shafawa, tana latsa inda ya yi kanta. "Kin ɗaure igiyar da yawa," ta ce. "Ƙafa tana kumbura da rana, ki bar mata wuri." Sannan, da ɗaya hannun, ta buga ƙasa.

"Ga baƙuwa a ƙofa."

"A ba ta tabarma," muka ce, ba da ɗoki ba, don mun san wace ce.

Ruwa ya yi yaji, Dela ta ce za ta bi shi, uwarta ta hana, ta ƙi ji. Har nan daidai. Amma da ta iske itacen anza, sai muka ji Dela ta tsaya ta ce, "Sannu, Anza, ina gajiya?"

Na zabura. "Kaka, ba haka take ba. Cewa ta yi ya kauce."

"Ke kika haife ta?" in ji Kaka. "Zauna."

Anza ya ce da Dela, tunda kin kira sunana, ɗebi ƴaƴana. Amma kada ki ci ni da gaggawa. Ki ɓare, ki jiƙa, ki zubar da ruwan, ki sake jiƙawa, sai ɗacina ya fita sarai. Wanda ya kasa haƙuri da ni, ni nake binne shi. Dela ta wuce. Ta iso gidan tururuwa, ta durƙusa ta gaishe su. Suka ce, tona nan gefe, akwai tsabar da muka tara. Ki ɗiba ki bar mana saura, don mai zuwa bayanki. Suka kuma ce kada ta yi tafiya rana na tsaka, ta bi sawun awaki, ba na raƙumi ba, don raƙumi ba ya gaggawar zuwa rijiya.

Muryar Kaka ta sauya. Ba muryar tatsuniya ba ce, irin wadda take aiken mutum kasuwa da ita ce, dalla-dalla, don kada a manta. Har yanzu ƙafar Goggo na cinyarta.

Sai Dela ta iso gindin gawo. Gawo ya ce, zauna, ɗiyata. Ni nake ganye lokacin da kowa ya zubar da nasa. Ki huta a inuwata. Amma akwai mai barci a gindina, ya gaji ne a hanya. Ki yi masa sallama, ki ce mutanensa sun isa.

Ɗaya daga ƴaƴan maƙwabta ya ce, "To ta samo ruwan?"

"Ba ta samo ba. Ruwa na Allah ne. Amma ta dawo, ta iske uwarta ba ta gama daka ba. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, ku tashi."

Ba wanda ya tashi. Kaka ta miƙa hannu bayanta ta zaro ciyawa ɗaya daga zana, ta ƙulle ta, ta kama gefen zanen Goggo ta ɗaure a ciki. "Wannan na tatsuniyar rana ne," ta ce. "Kada ki kwance, shi zai hana ki ɓacewa."

Goggo ta ce, "To, Inna."

Ta tafi, ta dawo ana gab da komawa lakwal, ta yi baƙi ta rame, takalman sun ci ƙasa. Mutane suka cika gidan suna tambayar rijiyoyi da garuruwan da suka watse. Sai da kowa ya tafi Kaka ta tambaye ta.

"Kin yi sallamar?"

"Ban san wanne ne ba, Inna. Sai na yi wa kowane gawo da na gani. Har abokan tafiya suna mini dariya."

"Ya ji," in ji Kaka, ta tashi ta ɗora ruwan wanka.

A shekarar ina ajinta. Darekta ya yi ta fargaba, don a lokacin in babba ya faɗo lakwal ya iske aji ba kowa, ba a tsayawa jin bayani. Goggo ta nace har aka ba ta izini. Takan fitar da mu bayan gari, bakin ƙorama da ta bushe. A can na fara ɗanɗana ɗacin anza a kan harshena, na tofar, na fahimci abin da iyayena suka ci suka rayu har na sami nono. A can ta sa muka zuba ruwa a yashi da kuma a laka muka ga wanda ya riƙe. Kuma a can, rana tsaka, take mana tatsuniyar Dela, ƙullin ciyawar yana gefen zanenta.

Na daɗe ina zaton Kaka ta ƙirƙiro ƙarshen nan na biyu ne a daren. Sai da na girma na gane ba ta ƙirƙiri komai ba. Jiƙon anza, tonon gidan tururuwa, sawun awaki, duk ita ta yi su da hannunta, ta biya da miji. Ta kulle sanin ne a ciki, ta bar mana tsoron kawai, don tsoro ya fi sauƙin rabawa ga yara. Da ta ga tsoro ba zai tsayar da autarta ba, sai ta buɗe mata ɗayan rumbun.

Shi ya sa har yau, da ciwon gwiwata, nake sauka daga mota in shiga gona. In gaida mai gonar da sunansa, in durƙusa in damƙi ƙasa, in ciro albasa ɗaya in murɗa wuyanta. Wadda aka cika wa ruwa da taki kyakkyawa ce a buhu, amma ba ta kai damina a rumbu. Wannan ba a jin sa a waya.

Jikokina ƙarshen na biyu kaɗai suka sani. Kwanan baya na ce bari in gwada su, na bar Dela ta zama tsuntsuwa, har na siranta murya na fara waƙar. Ƙaramarsu ta dafa gwiwata ta ce, "Kaka, ba haka take ba. Dawowa take yi."

Na buɗe baki zan tambaye ta ko ita ta haife ta, sai na fasa. Na koma gindin anza, na sa Dela ta yi gaisuwa.