Ranar da Na Karanta wa Baba Labarin Masunta

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube mini, amma akwai hantsi ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba: wanda na fara karanta Linjila da bakina a gaban mahaifina, a bakin tafkin Madarunfa.

Mu masunta ne tun kakanni, kuma a lokacin gidanmu na kan addinin gargajiya. Kowace shekara kafin a shiga ruwa, Baba ne ke yanka baƙar akuya ya roƙi masu ruwa su ba mu kifi, su bar mu da ranmu. Mu biyu ya haifa maza. Wana, Faransawa suka ɗauke shi soja lokacin babban yaƙin Turawa, bai dawo ba, ko labarinsa ba a kawo mana ba. Saura ni kaɗai, ina da mata da ɗiya guda, ni ne kuma ke riƙe wa Baba ɗaya bakin taru.

Ƙayar kifi ce ta kai ni ga karatu. Ta soke ni a tafin ƙafa, wurin ya kumbura ya yi ruwa, aka ce in je wajen wani mutumin garin Tsibiri da ke wanke gyambo ranar kasuwa. Bahaushe ne, Kirista, mai sanyin magana. In ya gama ɗaure ƙafafu sai ya share ƙasa ya zana baƙaƙen boko da tsinke, wanda ke so ya koya. Ni ko ƙofar lakwal, makarantar boko, ban taɓa takawa ba, amma abin ya kama ni. Ƙafa ta warke, ban daina zuwa ba.

Da na fara haɗa baƙi, na roƙe shi babban littafinsa mai baƙin bango. Ya yi murmushi ya miƙo mini wani ɗan ƙarami, Linjila ɗaya tak. Ya ce, “Fara da wannan. Kullum kaɗan, da ƙarfi, yatsanka na bin layi. Abin da ya shige maka duhu, ka kawo shi ranar kasuwa mu duba tare.”

Ban ɓoye littafin ba, ban kuma nuna wa Baba shi ba. Yana ganina ina motsa baki a gindin tsamiya, bai ce kome ba har damina ta wuce. Ran nan bayan kaka, ruwa ya cika tafki, muna zaune muna gyaran taru, sai ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, “Ɗauko takardar nan taka.”

Na ɗauko. Ya ce, “Wan naka ma takarda ce ta zo aka tafi da shi. Ina so in ji mi wannan ke gaya maka.”

Sai na yi dabara, ko abin da na ɗauka dabara ce. Akwai wuri kusa da farko da na fi iyawa, domin labarin masunta ne, na ce wannan zai yi masa daɗi. Na fara, ina tuntuɓe, ina komawa baya. Yesu Almasihu na tafiya a bakin wani babban ruwa, ya ga 'yan'uwa biyu suna jefa taru, ya kira su suka bi shi. Ya ƙara gaba ya ga waɗansu biyu cikin jirgi tare da ubansu, su ma suna gyaran taru.

Baba ya ce, “Jirgi gare su? To, masu hali ne. Mu bisa gora muka saba shiga ruwa.”

Na yi dariya, na mai da yatsa kan layi, sai dariyar ta tsaya. Don murnar masunta na sha'afa da yadda labarin ya ƙare. Da gogagge ne ni, da wataƙila na zame na faɗa wani wuri. Amma ɗan koyo bai iya zamewa ba, abin da ke ƙarƙashin yatsansa shi kaɗai yake da shi. Na karanta: ya kira su, suka bar ubansu a jirgi da 'yan ƙodago, suka tafi.

Hannun Baba ya tsaya da zare a ciki. Sai ya tambaye ni:

“Uban nasu mi ya ce?”

Na duba sama, na duba ƙasa. Na ce, “Ba a rubuta ba, Baba.”

“Sun dawo?”

“Ban sani ba. Ban kai can ba tukuna.”

“Kai fa?”

Na ce, “Baba, maganar Yesun nan ta shiga raina, ba zan ɓoye maka ba, ina so in san shi. Amma ba wanda ya ce in bar ka, ni ma ban da niyya. Gobe da ni za a ja tarun nan.”

Ya ja zaren ya ƙulla, ya datse da haƙori. Ya ce, “Su dai ba su bar tsohon shi kaɗai ba, akwai masu taya shi. Wannan ya fi abin da aka yi mini.” Can ya ƙara, “Ci gaba. Ina so in ji ko sun dawo.”

Haka muka samu abin yi. Kullum in mun fito ruwa mun shanya taru, sai in karanta kaɗan, shi kuwa ya tsare ni da tambaya. Ran da muka iso inda iska ta taso wa masuntan nan tsakiyar ruwa, sai ga su cikin jirgi kuma, Baba ya bugi cinyarsa ya ce ashe ba su yar da sana'a ba. Abin da na kasa amsawa in kai wa mutumin Tsibiri, wani abin ya warware shi, wani kuma ya ce shi ma yana nan yana nema. Baba bai bar yankansa na shekara ba har ya rasu, ni kuma na daina sa hannu a ciki, bai tilasta mini ba. Amma littafin nan tare muka kai ƙarshensa, kuma ran da aka yi mini baftisma shi ya kama kifin da aka ci.

Yau in sabon mai karatu ya zo mini yana jin kunyar tuntuɓensa, nakan ce ya nemi wanda zai karanta wa, ko da wanda bai yarda da shi ba ne. Abin da na koya ke nan: ka faɗi abin da ke rubuce yadda yake, in an tambaye ka abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Ni dai rabin abin da na gane cikin Linjila, tambayoyin tsohon da bai iya baƙi ko ɗaya ba ne suka buɗe mini shi.