Madarar da Ake Ajiye wa Baƙo

Jiya likita ta ce in daina shan magani. Zazzaɓin bai dawo ba.

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, kuma na ga saƙonninku. Ga abin da ya faru.

Bara na ajiye aikin jarida a Kano na zo Nijar karatu. Malamin da ke duba bincikena kan gidajen rediyon karkara ya tura ni Tama, cikin yankin Buza, ya sauke ni gidan yayansa, Baba Illa, manomin gero mai 'yar garka a fadama.

Ranar da na isa, matarsa Inna Hadi ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan Kano, mi kaka ci can garinku da ka bushe haka? Bari, mu muka gyara ka."

Gidan yana da al'ada. Madarar akuya ta farko da safe, da ɗuminta da kumfarta, ba a dafa ta, ba a bari ta yi tsami. Ta baƙo ce da mai juna biyu. Inna kan raba ta gida biyu: rabi nawa, rabi na Zuwaira, matar ɗansu da ke ci-rani a Abijan.

Ban saba da ita ba, amma na sha. Da ƙwaryar nan na zama ɗan gida.

Bayan girbi zazzaɓi ya fara. Da rana lafiya lau, da la'asar sanyi ya rufe ni. In wayi gari tabarma sharkaf da gumi mai wari kamar jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Gwajin farko ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, palu inji mutanen nan. Na sha magani, na ji sauƙi. Ya dawo. Gwaji na biyu bai nuna komai ba.

Sai ciwon ƙugu da gadon baya. Ruku'u ya gagare ni. Wandona ya fara zamewa.

Inna ta ga ina ramewa, sai ta ƙara mini madara.

"Sha, ɗana. Nonon akuya magani na."

Wata safiya na kasa tashi. Baba Illa ya nemo mota aka kai ni asibitin Madawa. Aka ɗaura mini ruwa, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji don ana zargin tarin fuka. Babu. Gwaje-gwaje da magani suka cinye kuɗin makarantata na zango guda. Abin da ya fi ba ni tsoro ba ciwon ba ne, yadda kowane sakamako ke fitowa lafiya ni kuwa ina ƙarewa.

Wata likita ce ta ja kujera ta zauna, ta ce in faɗa mata abin da nake ci tun daga safe.

Da na ambaci madarar, sai ta daina rubutu.

"Ana dafa ta?"

"A'a."

"Awakin suna ɓari?"

Ban sani ba. Aka kira Baba Illa daga waje.

"Biyu sunka yi ɓari bana," ya ce. "Mun ɗauka sanyi na."

Aka aika jinina Yamai. Ya tabbata ciwon da ke sa dabbobi ɓari ne, likitoci na kiransa buruseloz. Ɗanyar madara ke kawo shi, ko taɓa ɗan tayin da dabba ta zubar. Maganinsa ƙwayoyi iri biyu, makonni shida ba fashi. Ɗaya yana mayar da fitsari ja, kada wanda aka ba ya firgita.

Kafin a sallame ni likitar ta tambaya, "Wa kuma ke shan madarar nan?"

A nan na tuna da Zuwaira.

Faɗa wa mutanen gida ya fi jinyar wuya. Yaya za ka ce wa wadda ta karrama ka karramawarta ce ta kwantar da kai? Na zauna gabansu na faɗa kamar yadda ake karanta labarai, ba ƙari, ba ragi.

Baba Illa ne ya fara magana.

"Tun kakanninmu haka aka tarbon baƙo. Ba wanda ya mutu."

Inna ta miƙe. Ta juya wajen ɗakin surukarta.

"Zuwaira, hito nan. Zanen da kika shanyawa kullum da sahe, na mi na?"

Zuwaira ta sunkuyar da kai. Ashe ta jima tana gumin nan, bayanta na ciwo. Cikin fari ne, kunya ba ta barin ta ambaci jikinta gaban surukai, mijinta kuma yana nesa.

 Baba Illa ya tashi ya ɗauki hularsa, ya tafi neman mota.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar da ta tsaya ta yi tambaya, da Baba Illa da ya kwana kan tabarma a harabar asibiti saboda ɗan da ba shi ya haifa ba. Inna kuwa har yau ita ke kawo mini madara, sai dai yanzu daga kan wuta.

Shawarata kaɗan ce. A tafasa madara, ko ta gidan wa ce. Zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa bayan maganin palu, a koma likita, a faɗi abin da ake ci ko ba a tambaya ba. Dabba in ta yi ɓari, kada a taɓa da hannu tsirara, a kira malamin dabbobi. Ɗalibin da aka sauke a gidan mutane kuma ya sani, ciwonsa na iya zama labarin gidan duka.

An ɗebi jinin Zuwaira da na Inna an aika Yamai. Cikin Zuwaira yana wata na bakwai. Sakamakon bai iso ba tukuna.