Jakar da Na Goya Zuwa Gashuwa

Har na kai shekara goma sha tara ban taɓa kwana a wajen Nguru ba. Sana'ata ɗinki, a rumfar babana kusa da tashar jirgin ƙasa. A shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin ƙasar Bama, bayan an yanke gero, wani mai jakuna ya kawo saƙo cewa yayata da ke aure a Gashuwa ta sauka, an sami ɗa namiji. Baba yana fama da ciwon ƙafa, Inna kuwa ba za ta bar shi ba. Na ce ni zan je suna. Motar da kan bi hanyar ba ta da rana, sai ta yi mako ba a ji ɗuriyarta ba, don haka na ce da ƙafa zan tafi. Saura kwana biyar suna, tafiyar kuma an ce ta kwana uku ce ga wanda bai saba ba.

Ko ɗar ban ji ba. Na shimfiɗa bargo a tsakar gida na shiga tara kaya: riguna uku, sabon takalmi, ƙaramar tukunya, fitila, atamfar da Inna ta bayar, 'yan rigunan jariri da na ɗinka, har da dutsen guga, don kada in shiga taro da riga a yamutse.

Ina cikin haka Gwaggo ta shigo. Ƙanwar babana ce, ta yi shekaru tana ɗauko bandar kifi a ka daga Gashuwa zuwa kasuwarmu kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ta dubi tarin, ba ta yi dariya ba.

"Ɗaure shi, ɗana," in ji ta. "Ɗora a ka, ka je rijiyar bayan gari ka dawo."

Na je na dawo wuyana a sanƙare, gumi har cikin ido. Sai ta kwance ƙullin ta fara warewa. Tukunya ta koma madafa, fitila ta koma ɗaki, riguna biyu suka bi ta. Da ta ɗaga dutsen guga ta ce, "Wannan kuma wa za ka jefa da shi?" Sabon takalmin ma ta hana, ta ce in sa tsohon da ya san ƙafata. A madadinsu ta sa garin gero, ƙuli-ƙuli, dabino, gorar ruwa, buta, 'yar tabarma da wani farin ƙyalle na tace ruwa saboda kurkunu.

Ta kuma karanta mini hanya. In tashi da an idar da asuba, in huta idan rana ta take, in kwana a Jajimaji daren farko. Kowane ƙauye na shiga in riga mutane gaisuwa, in nemi gidan bulama, wato mai garin. Idan na tarar da ruwa ya yanke hanya kada in shiga sai na ga inda shanu ke bi.

Duk na karɓa, sai abu ɗaya. Kaina bai saba da kaya ba, kuma kwana biyu ba za su koya masa ba. Na taɓa ganin jakar da sojoji ke saukowa da ita daga jirgi, mai igiya biyu a kafaɗa. Washegari na samo tsohon buhu mai kauri, na yanke, na ɗinke bakinsa da zariya, na yi masa maɗauri biyu masu faɗi, na cusa musu auduga. Na zuba kayan na saɓa a baya, na zaga tsakar gida.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Namiji da goyo? Za ka sha dariya a hanya."

"Su yi ta yi, Gwaggo. Hannuna biyu a sake suke."

Ta ja maɗaurin ta ga ɗinkin ba ya motsi, ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Dariya kam na sha ta. Matan da ke sussuka a bakin wani ƙauye har tsayawa suka yi suna tambaya ko ɗan nawa ya yi barci. Na ce musu ya yi, kada su tashe shi. Ranar farko kafaɗuna suka yi tsami, na riƙa sassauta igiyar ina ɗaurewa har na gano daidai. Bulaman da ya sauke ni ya juya jakar ciki da waje, ya tambayi yadda na yi ɗinkin.

Rana ta biyu na iske ruwa ya malale hanya. Na zauna gindin wata tsamiya har wani Bafulatani ya iso da garkensa, na gaishe shi, na bi sawun shanunsa. Da ruwan ya kai mini ƙugu sai na sauke jakar na ɗora a ka, yadda Gwaggo za ta yi, na haye, atamfar Inna ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Na shiga Gashuwa da la'asar ranar jajibirin suna. Gidan cike da mata ana daka. Yayata tana ɗaki, ta leƙa bayana ta ce, "Kai da wa?"

"Ni kaɗai, Yaya."

Ta kalle ni, sannan ta miƙo mini jaririn. Don gajiya sai da na zauna a ƙasa kafin na karɓe shi. Ta ce in yi wanka in ci tuwo in kwanta da wuri, don gobe ni zan riƙe ragon suna.